Ɗakin Benci Biyu

Dabokpa, Tamale
9 ga Janairu, 1957

Yaya Zubeiru,

Wata nawa mutum yake yi a Kumasi kafin ya manta abin da ya faɗa a bakin kabarin ubansa? Ba ni amsa, don ni ban taɓa wuce Yeji ba, ban san irin ruwan da kuke sha a can ba.

Na san ba haka ake fara wasiƙa ba. To, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya matarka Sahada? Ka gaishe ta. Ni lafiyata lau. Gida ma lafiya, in har gidan da ba kowa sai ni da ƙadangaru ana ce masa gida.

Ranar sadakar arba'in ta Baba, a bakin kabarinsa, ka kama hannuna ka ce, "Masahudu, riƙe kayan aikin nan, kar ka ba kowa aro. Zan dawo mu tayar da sunan Sidiki kafinta mu biyu." Na riƙe. Wata bakwai ke nan ina riƙe. Rumfar da Baba ya shekara talatin yana aiki a ƙarƙashinta, gara ta cinye ƙafafunta ta durƙusa a ƙarshen damina. Na kwashe kwanon na jingina. Zarto uku, gizago, guduma da magogi suna ƙarƙashin gadona, ina shafa musu man kaɗe kamar jarirai.

Ga dalilin wasiƙar. Ba rumfa zan sake kafawa ba, ɗaki zan gina, na aiki sosai. Faɗi kamu goma, tsawo goma sha huɗu. Ƙofa mai faɗi, wadda za a fito da gado ba sai an karkata shi ba. Rufi mai tsayi mai zuba biyu, don a samu wurin shanya katako a sama. Benci biyu, kowa da tagarsa. Na zana shi a ƙasa da tsinke ya fi sau ashirin, akuyar Wumpini tana taka mini ina sakewa. Ka tuna Wumpini, tsohon Badagomben nan maƙwabcinmu mai gonar doya? Shi kaɗai yake tsayawa ya duba. Mutanen zango kuwa sai su ce, "Sannu injiniya," su wuce suna dariya.

Su yi. Kowa ya san ƙasa za ta karɓi kanta bana, ana ta buɗe makarantu a Choggu da Dungu, kuma yaro ba ya karatu a tsaye. Wa zai yi musu benci?

Ƙasa da ruwa da ƙarfi nawa ne. Abin da ba ni da shi katakon rufi, kai kuma kullum a kansa kake tsaye a injin yanka. Sauran ka sani.

Kar ka yi dariyar rubutuna. Ba malamin da ya zaunar da ni. A jikin gwangwani da allon lori na koya, sai wani littafin karatun manya da na tsinta ba bango. In ka ga harafi ya juya baya, haka na gan shi.

Ƙaninka,
Masahudu

Zango, Kumasi
27 ga Janairu, 1957

Zuwa ga ƙanena Masahudu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna lafiya, Sahada tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka fara cin abinci a zaune ko har yanzu a tsaye kake ci kamar wanda aka biyo.

Na ga wasiƙarka. Bakin nan naka har yau ba a yi masa murfi ba. Na karanta layin farko na ajiye ta kwana biyu, sannan na ƙarasa. Ban manta komai ba, Auta. Aiki a nan ba kamar na gida ba ne, ƙararrawa ce take shigar da mutum, ita take fitar da shi.

Zanen ya yi mini. Har na ga ɗakin a idona. Zancen katako kuwa kar ya hana ka barci. Akwai katakon odum da ake warewa saboda ɗan tabo a jiki, ana barin ma'aikata su ɗiba. Gara ba ta cinsa, jikokinka ma za su zauna a ƙarƙashinsa. Amma ban yarda da kamunka a takarda ba, hannunka ya fi nawa tsawo da kusan yatsa huɗu. Ka yi yadda Baba yake yi. Auna da igiya, ka ƙulla, ka ba Imoru direba ya kawo mini. Igiya ba ta ƙarya.

Ka riƙa barin kowane ɗorin bango ya bushe kafin ka hau da wani, na san ka da gaggawa. Kuma ka rage faɗa da mutanen zango, su za su ɗaga maka rufi.

In Allah ya kai mu bayan ƙaramar salla za ka gan ni da akwatina.

Yayanka,
Zubeiru

Dabokpa
7 ga Fabrairu

Yaya,

Salamu alaikum. Ina lafiya, sai tafin ƙafa da ya tsage saboda kwaɓa ƙasa. Ka ce wa Sahada a zaune nake ci yanzu, don in na tashi daga aiki ƙafafun ba sa ɗaukata.

"Da akwatina." Na karanta wurin nan har takardar ta fara hujewa. Na je na karanta wa Wumpini, ya ce, "Naa," wato "to" da Dagbanci, ya ci gaba da sassaƙa ƙotarsa. Na karanta wa mai kokon bakin hanya. Har Liman na tare bayan la'asar na karanta masa, ya ce Allah ya nuna mana. Yanzu duk Dabokpa ta san Zubeiru na Sidiki zai dawo.

Ga igiya a hannun Imoru. Daga bakinta zuwa ƙulli, tsawon katakon rufi ke nan, kamu bakwai har da abin da zai leƙo waje ya kare bango daga ruwa. Guda goma sha huɗu nake so, bakwai kowane gefe. Na auna sau uku, kuma ban ja ta da ƙarfi ba.

Tushe ya zauna, na yi ɗori na uku. Ruwan ne wahala. Rijiyarmu ta ƙafe tun watan jiya, sai na gangara tafki da garwa biyu a sanda, sawu goma sha biyu kafin rana ta yi zafi. Matan da ke ɗiba suna yi mini waƙa da Dagbanci, na san ba yabo ba ne. In na dawo in kwaɓa, in dunƙula, in jefa kan bango, in hau in daidaita, in sauko in sake jefawa. Aikin mutum uku ne. Baba yana jefa maka kana cafewa, ka tuna? Ni kuwa ni ne mai jifa, ni ne mai cafewa.

Bencinka yana gabas, inda haske yake fara shiga, don kai ne mai awo da zane. Ni na yamma ya ishe ni, tunda aikina jan zarto ne da zufa. Tagarka ta fi tawa faɗi da taƙi guda. Kar ka ce ban yi maka komai ba.

Masahudu

Dabokpa
8 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya. Ban san ko kai kana lafiya ba, tunda wata guda ke nan shiru. Imoru ya zo sau biyu, na tare shi a tasha. Na farko ya ce bai gan ka ba. Na biyu ya ce sauri yake yi, jirgin fito na Yeji ba ya jiran kowa, ya ja lorinsa ya bar ni da hayaƙi.

Shekaranjiya aka ce mun zama Ghana. Na sa rigar Baba fara na tafi filin taro. Ban taɓa ganin mutane haka ba. Makaɗan Dagomba sun cika wuri, masu bindigar gargajiya suna ta harbi, 'yan makaranta da tutoci, kowa yana ihu "Firidom! Firidom!" har da tsofaffin da ba su san abin da kalmar take nufi ba. Wani ɗan sanda mai ƙaton ciki ya tashi sara wa sabuwar tuta, wandonsa ya tsage daga baya. Na juya in zungure ka, sai na zunguri wani Bamoshe da ban sani ba. Ya harare ni. Daga nan abin ya fita raina, na dawo gida tun rana ba ta karkata ba, na cire rigar na hau bango.

An gama bangon. Jiya na yi ɗorin ƙarshe. Na tsaya a tsakiya na yi magana, muryata ta dawo mini. Ɗaki ne, Yaya, na gaske. Sai dai in ka ɗaga kai sama kake gani.

Wumpini ya ce bana ruwa zai sauko da wuri, ya ga tururuwa suna kwashe ƙwai. Bangon ƙasa ba rufi ka san abin da yake zama. Ban ce ka rubuto dogon labari ba. Layi ɗaya: na ga igiya.

Masahudu

Zango, Kumasi
19 ga Fabrairu, 1957

Zuwa ga Malam Masahudu Sidiki,

Bayan dubun gaisuwa, ina sanar da kai muna nan lafiya, sai godiyar Allah. Igiya ta iso.

Na sake tunani a kan ɗakin. Ka rage faɗinsa zuwa kamu shida tun bango bai yi nisa ba. Dogon katako yana wuyar samu yanzu, gajere ya fi sauƙi. Zan sa a yanka maka masu kamu huɗu, guda ashirin, za su rufe kamu shida har a samu saura. Ɗaki ƙarami ya fi saurin gamawa, kuma ya fi sauƙin shara.

Zancen zuwa bayan salla, a bar shi tukuna sai yadda hali ya yi. Ka yi haƙuri. Allah ya yi maka albarka.

Yayanka,
Zubeiru

Dabokpa
13 ga Afrilu

Zubeiru,

Ba gaisuwa. Ina azumi, kuma ba na son in yi ƙarya da azumi a bakina.

Wasiƙarka ta 19 ga Fabrairu ranar Talatar nan ta iso, tare da katakon. Kwana arba'in da tara tana cikin akwatin kayan gyaran Imoru, duk ta sha baƙin mai. Ya ce mantuwa ce, ya ce "sori". Na kusa karya masa haƙori, amma ba Imoru ne ya yanka katakon ba.

Da aka sauke su ban ma buɗe takardar ba. Na rungumi guda na kai bango, na hau na ɗora. Bai kai tsakiya ba. Na ce wataƙila wannan na ƙofa ne, na ɗauko wani. Haka na gwada ashirin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, mutane sun taru suna kallo. Wani ya ce, "Injiniya, ko ɗakin ne ya ƙara ƙiba?"

Dogon katako yana wuyar samu! A Kumasi! Inda lori ke wucewa da gungume guda ya cika bayanta! Ni za ka gaya wa haka? Ni ma ɗan kafinta ne. Kamu shida benci ɗaya ne da wurin juyawar mutum ɗaya. Ba ka iya cewa "ba zan dawo ba", sai ka sa zarto ya faɗa maka.

Kuma ko hannunka ba ka sa ba. Na san rubutunka, yana kwanciya gefe kamar dawa bayan iska. Wannan na akawun bakin gidan waya ne, mai lanƙwasa haruffa. "Malam Masahudu Sidiki." Yaushe na zama malam a wurinka? Ka yi girman da ba za ka riƙe alƙalami saboda ƙaninka ba?

Bari in gaya maka abin da na yi, kar ka ji a bakin wani. Jiya bayan Juma'a na je wurin Liman na ce a kira mini gayya, ko itacen darbejiya ne in haɗa a ɗaga. Ya ce fili na gado ne, ba a raba ba, kuma babban wa yana da rai. Gayya a kan filin gado da bakin babba ake kiranta. Ya ce in kawo kalmarka, ko kana ciki ko ka bar mini. Sai na miƙe a ƙofar masallaci, mutane suna neman takalmansu, na ɗaga murya na ce ba ni da wa. Na ce Zubeiru ya sayar da sunan ubansa da burodin Kumasi. Na ce wanda ya yi alkawari a bakin kabari ya saɓa, ko kare ya fi shi. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Liman ya ce in ji tsoron Allah. Ba wanda ya yi mini sallama da zan tafi.

Yanzu ba gayya, ba katako, ba kai. Hadari yana haɗuwa ta gabas kowace yamma.

Masahudu

Dabokpa
21 ga Mayu

Yaya,

Salamu alaikum. Barka da salla, ko da ta wuce da sati uku. Na ci tuwon salla a gidan Wumpini, shi da ba ya salla. Ina lafiya, sai kafaɗar hagu da ta goce ta koma.

Ba don in ba ka haƙuri na rubuto ba. Don ka san katakonka bai ci ni ba.

Kwana shida na yi ina zaune a kansu, ina tunanin in rushe bango guda in matso da shi ciki yadda ka so. Har na ɗauko diga. Sai idona ya faɗa kan tsohon gwangwanin madarar da nake zuba ƙusa, wanda a jikinsa na fara koyon haruffa. Akwai saniya, bayanta wani ɗakin shanu na Turawa. Shekara nawa ina kallon saniyar ban taɓa kallon rufin ba. Ba miƙaƙƙe ba ne. Yana tashi tsaye daga bango, ya karye kamar gwiwa, sannan ya kwanta zuwa tsakiya. Gajere biyu a kowane gefe.

Na shimfiɗa huɗu a ƙasa na yi ta juya su har suka haɗa kamu goma. Gwiwar ce ta ba ni wuya. Ta farko na taka ta buɗe. Sai na tsaga tsohon teburin Baba, na yi faci na manna a gefe biyu na kowace gwiwa, ƙusa tara tara. Na ɗaure ƙafafun da itacen darbejiya don kar su tura bango. Na hau na yi tsalle, ko motsi. Baka nake ce musu.

Ɗagawa ni da Wumpini muka yi, da gwafa biyu da igiyar rijiya, baka ɗaya a yini. Shi ba ruwansa da maganar Liman, ya ce, "Bango bai san babba da ƙarami ba, ruwa kawai ya sani." Na uku ya kuɓuce mana, nan kafaɗar ta goce. Kwanon Baba ya rufe sama, gefe na baibaye da ciyawa.

Amma ka lissafa. Huɗu huɗu cikin ashirin, baka biyar. Ɗakin bakwai yake so. Na fara daga yamma, don haka gefena a rufe yake, na kafa bencina, har na karɓi aikin kujeru shida na wata makaranta. Gefenka a buɗe. An yi ruwa uku. Na lulluɓe kan bangon da zana, iska ta yaye. Kusurwar tagarka ta fara zubewa, kullum da safe sai in kwashe laka a ƙasa in mayar.

Masu wucewa sun daina dariya, yanzu tsayawa suke yi su kalli rufin. Ba mai shigowa dai.

Masahudu

Zango, Kumasi
9 ga Yuni, 1957

Zuwa ga Masahudu, ƙanin maigidana,

Ina gaishe ka da aiki, ina yi maka sannu da kafaɗa. Ni ce Sahada. Matar mai gidan hayarmu ce take rubuta mini, yayanka bai sani ba, in ya sani zai yi fushi. Ya yi.

Wasiƙunka duka na ji su, don ni nake riƙe masa takardar yana karantawa. Ta watan azumi sau ɗaya ya karanta, ya juya fuska bango. Maganar da ka yi a ƙofar masallaci ma ta riga wasiƙar zuwa, masu goro sun kawo ta. Kai dai bakinka Allah ya shirya.

Ka ce ya yi girman da ba zai riƙe alƙalami ba. Ba shi da abin riƙewa, Masahudu. Ranar sha uku ga Fabrairu, kwana biyu da zuwan igiyarka, ya tsaya bayan tashi aiki yana yanka maka dogayen nan. Ya gama biyar, a na shida injin ya fizgi hannunsa na dama. Babban yatsa da biyu na kusa da shi sun tafi. Sati uku yana asibiti. Daga kan gadon ya sa aka rubuta maka waccan, ya roƙi abokan aikinsa suka tara maka gajerun. Dogayen biyar ɗin ban san inda suka shiga ba.

Yanzu gadin ƙofa suka ba shi. Ba ya fita sai da hannun cikin aljihu. Na ce mu koma Tamale, ya ce ya je ya yi me, ya zauna a ɗakin ƙaninsa yana kallo ana ciyar da shi? Ya ce gara a ce ya saɓa alkawari da a ce ɗan Sidiki ba ya iya riƙe guduma. Ya rantsar da Imoru kar ya faɗa.

Da ya karanta zancen bakan nan naka ya sa ni na kawo tsinken tsintsiya huɗu, ya jera su a tabarma da hagu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaron nan ya fi Baba." Sannan ya ce kar in sake in gaya maka.

Ni na gaji da zama tsakanin kurma da mai ihu. Ka san abin da za ka yi.

Sahada

Dabokpa
20 ga Yuni, 1957

Yaya Zubeiru,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Yaya hannu? E, hannu na ce. Kar ka yi wa Sahada faɗa, ita kaɗai ce mai hankali a gidan Sidiki.

Da na gama karanta wasiƙarta na fita na zauna a gefenka na ɗakin, ana yayyafi, ban san na jiƙe ba sai da Wumpini ya zo ya ja ni. Kwana uku ban taɓa zarto ba. In na ɗauka sai in ga igiyar nan da na ƙulla da hannuna.

Amma kar ka ɗauka na huce. Fushina ya ma ƙaru. Wata huɗu! Ka bar ni ina zaginka, ka bar ni na kira ka kare a gaban mutanen da suka yi wa Baba salla, kana kwance kana jin daɗin cewa kai mai haƙuri ne. Wa ya ba ka izinin yanke mini hukunci? Ka zauna a gadon asibiti ka auna rayuwata ka ce kamu shida ta ishe ni. Ka tambaye ni?

Wai ka zo ka yi me. Kujeru shidan nan na kai, malamin ya mayar mini da biyu, ƙafafunsu ba su daidaita ba. Ka san ni, ina yanka kafin in auna. Yatsa nawa ake bukata a riƙe fensir a ja layi? Nawa ake bukata a ce, "Auta, tsaya, ba nan ba"? Guduma ni zan riƙe, dama can ni nake riƙewa. In kuma kunyar hannun kake ji, rabin mahautan kasuwar Tamale ba su da yatsu goma, ba wanda ya daina sayen nama.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tsaya a inda na tsaya wancan karon. Na ce abin da na faɗa a kan yayana ƙarya ne, ni ne karen. Ban faɗi dalili ba, wannan naka ne. Suka yi ta kallona. Liman ya ce ya ji, amma maganarsa tana nan: sai da bakin babba.

Bangon gabas ya tsage daga taga zuwa ƙasa, yatsana yana shiga. Wumpini ya ce zai kai babbar salla, ba zai kai ruwan Agusta ba. Ni kaɗai ba zan sake ɗaga baka ba, kafaɗar ba ta yarda.

Don haka ga abin da nake so, kuma ba a takarda ba, na gaji da takarda. Gajeru takwas, irin waɗancan. Ka hau lorin Imoru tare da su. Juma'a ta ƙarshe kafin babbar salla, biyar ga Yuli, in an sallame zan miƙe a ƙofar masallaci in tambaya da ƙarfi: ɗakin nan na mutum ɗaya ne ko na biyu? In ka ce na ɗaya, ka faɗa kana kallona, ranar Asabar in sa diga in rushe gefen gabas da hannuna, ba zan ƙara tayar maka da zancen ba. In ka ce na biyu, ka kira gayya a nan take.

Hannun ka bar shi a aljihu in ka ga dama. Bakinka nake so. Ka zo ka amsa mini a gaban jama'a, Yaya.

Ƙaninka,
Masahudu